Pushkar, Garin da Ake Faɗin Kwanan Wata Tun Daga Farkon Halitta

Jinya ce ta kai ni Indiya. Gwiwar Yayana ta dama ce ta ƙi, har ta kai sallah ma sai a kan kujera, likitoci suka ce sai an sa ta ƙarfe. Da aka zauna a gida za a fitar da ɗan rakiya, sai ƙuri'a ta faɗo kaina, wai ni ne malamin makaranta, ni nake jin Turanci. Labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare, shekara goma sha bakwai ke nan. Muka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano a ƙarshen Janairu, muka yada zango a Addis Ababa, washegari da safe muka sauka Delhi. Abu biyu jami'an shige da fice suka fi matsawa a kai, katin rigakafin shawara da takardar asibitin da ya gayyace mu. Na tura agogona gaba da awa huɗu da rabi, ina mamakin ƙasar da har rabin awa ba ta yafewa.

Wanda ya taso yana kallon Indiya a sinima, kamar mu 'yan Kano, zai sha mamaki. Ba lambun furanni, ba mai rawa a kan dutse. Hazo ne mai kauri haɗe da hayaƙi, ga sanyin da ya fi na hunturunmu nesa ba kusa ba. An yi aiki lafiya, aka ce sai an yi kwana goma ana koya masa tafiya kafin a sake dubawa. A kwana na uku Yaya ya gaji da ni.

“Kai, ka tsare ni da ido kamar zan gudu. Ga yaron nan zai kula da ni. Tashi ka je Ajmer ka kai mini gaisuwa wurin Shehu.”

Yaron da yake nufi wani ɗalibi ne ɗan Katsina da ke yi wa marasa lafiya tafinta. Shehun kuwa Mu'inuddin Chishti ne, wanda ya rasu a 1236. Yaya ɗan ɗarika ne na gani-kashe-ni, ni kuma ba na musu da mara lafiya.

Jirgin ƙasan da suke kira Shatabdi ya bar tashar New Delhi jim kaɗan bayan ƙarfe shida na safe. Tikitin bai kai rupi dubu ɗaya ba, kuma har da shayi da karin kumallo a ciki. Kusa da ni wani dattijo ne mabiyin addinin Hindu, mai rigar sanyi ruwan toka, da ɗigon ja a goshi da jan zare a wuyan hannu. Da ya ji ni malami ne, sai ya miƙo hannu yana dariya, ya ce shi ma fiziks ya koyar a Ajmer fiye da shekara talatin, duk unguwarsu Mastaji ake ce masa. Ni dai Baba na riƙa kiransa, shi kuma yana ce mini beta, wato ɗana.

Ba mu wuce Gurgaon ba na yi masa tambayar da ke bakin kowane Bahaushe.

“Baba, don Allah kada ka ji haushi. Wai alloli nawa gare ku? Mu a can an ce mana miliyan ɗari uku da talatin.”

Ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce amsar tana ga wanda ka tambaya. Matarsa ba ta san kowa ba sai Krishna. Mahaifinsa kuwa har ya mutu bai ajiye gunki a ɗakinsa ba, yana cewa abin da ke akwai ɗaya ne, ba shi da siffa, ba shi da farko, sunansa Brahman. Ya gargaɗe ni kada in haɗa shi da Brahma, wanda aikinsa halitta ne kawai, kamar yadda Vishnu ke raya abin da aka halitta, Shiva kuma ya rushe shi idan wa'adi ya yi. Ya kawo wani baiti daga Rigveda, mafi tsufan littattafansu, mai ma'anar cewa gaskiya ɗaya ce, masana ne ke kiranta da sunaye da yawa. Sai na tuna Al-Biruni, wanda ya koyi harshen Sanskrit ya rubuta littafi a kan Indiya wajen shekarar 1030. Shi ma abin da ya ruwaito ke nan, cewa masu iliminsu Allah ɗaya suke nufi, gumakan na gama-gari ne.

Har na fara gyaɗa kai, sai ya ƙara da cewa a fahimtar mahaifinsa duniya ba wani abu ba ce daban da Ubangiji. Daga kansa ya fitar da ita, kamar yadda gizo-gizo ke fitar da saƙa daga cikinsa, kuma zai mayar da ita. Na ce, “To Baba, nan muka raba hanya. Mu a wurinmu Mahalicci daban, abin halitta daban, ya ce kasance sai ya kasance. Ban da haka ma, Gizo a tatsuniyarmu babban maƙaryaci ne.” Ya yi dariya har da tari. Ya ce ai su ma ba su gama wannan rigimar ba. Mabiya wani malaminsu Shankara na cewa rai da Ubangiji abu ɗaya ne, mabiya Madhva na ƙarni na 13 na cewa har abada daban suke, kuma tun zamanin da akwai 'yan Charvaka da suka ce ba wani mahalicci, ƙasa da ruwa da wuta da iska ne suka haɗu. Da za mu sauka wajen ƙarfe ɗaya, ya rubuta mini lambarsa a bayan tikiti, ya ce idan na gama da waliyyina in zo ya nuna mini garin Brahma, bai fi tafiyar rabin awa ba.

Masauki ne ya ba ni wahala a Ajmer. Otal na farko, mai kanta ya buɗe fasfo ɗina, ya ga kore, ya ce ɗakuna sun cika, alhali ga makullai reras a bayansa. Na biyu ya fi shi gaskiya, ya ce ba shi da rajistar saukar da baƙon waje, domin akwai fom da dole su aika wa hukuma a kan kowane baƙo. Mai a-daidaita-sahun da ke yawo da ni ne ya kai ni na uku, rupi 1,200 kwana ɗaya, ruwan zafi a bokiti. Aka ɗauki hoton fasfo da biza, aka tambaye ni sunan mahaifina da inda na fito da inda za ni.

Da la'asar na bi wani lungu mai cunkoso irin na Kurmi har ƙofar Nizam. Aka caje ni, na ajiye takalmi. Abin da ya fara tsayar da ni tukwane biyu ne, kowace sai an hau matakala kafin a leƙa cikinta. Babbar Sarki Akbar ne ya bayar, ƙaramar ɗansa Jahangir. Shinkafa mai zaƙi ake dafawa a ciki, ba a sa nama, don kowa ya iya ci. Kuma kowa ɗin na zuwa. Na ga mata masu ɗigon ja a goshi ɗauke da kwandunan furen wardi a ka, suna bin layi ɗaya da masu hijabi. Na ce a raina, da wasu abokaina na Kano suna nan da an kwana ana muhawara. Na yi magariba a masallacin farin dutse da Shah Jahan ya gina a ciki, na isar da saƙon Yaya, na fita na ci shinkafa da naman rago, ban san shi ne naman ƙarshe da zan gani sai jibi ba.

Da safe na hau bas ɗin da bai kai rupi talatin ba, muka haura wani tsauni mai lanƙwashe-lanƙwashe da suke kira Nag Pahar, wato dutsen maciji, birai masu baƙar fuska na zaune a bakin hanya kamar masu karɓar haraji. Muna gangarawa sai ga Pushkar, fararen gidaje sun kewaye wani tafki, bayansu rairayi. Duk garin ba a sayar da nama, ba ƙwai, ba giya. Mastaji na jirana a tasha, amma kafin in ƙarasa wurinsa wani saurayi ya danƙa mini furanni a hannu yana murmushi, yana nuna mini hanyar tafki. Na ɗauka karamci ne. Dattijon ya ƙwace furannin ya mayar masa, ya balbale shi da faɗa da harshensu. Ya ce da na bi shi, da an zaunar da ni bakin ruwa an yi mini karatu, an ɗaura mini jan zare, sannan a yanka mini kuɗi da sunan kowane mamaci a gidanmu.

Tafkin na da matakalai 52 da ake sauka wanka. Muka cire takalma muka zauna can sama, inda ba zan shiga hidimar kowa ba. A ƙasanmu wani magidanci da matarsa sun durƙusa gaban wani pandit, malaminsu na addini. Ya zuba wa mijin ruwa a tafin hannun dama, ya ɗora ƙwayoyin shinkafa da fure, ya fara karatu da sauri irin na wanda ya yi abu sau dubu. Mastaji ya taɓa ni.

“Beta, saurara. Kwanan wata yake faɗa.”

Ya riƙa fassara mini a hankali. A rabi na biyu na rayuwar Brahma, a yinin da ake kira na Farin Gadu, a zamanin Manu na bakwai, wato kakan 'yan Adam a labarinsu, a zagaye na ashirin da takwas, a kashin farko na zamanin Kali, a ƙasar Bharat, a shekara kaza, wata kaza, rana kaza, ni wane ɗan zuriyar wane na ƙudura niyyar yin kaza. Tsigar jikina ta tashi. Mu idan za mu rubuta wasiƙa daga hijira muke kirgawa, ko daga haihuwar Annabi Isa. Wannan bawan Allah kuwa, da ganin tafin ƙafarsa manomi ne, sai da aka ɗauko masa lissafi tun daga farkon halitta kafin a zo kan sunansa.

A wani shagon shayi ya ciro biro ya zana mini lissafin a bayan takardar da aka naɗo mana ƙosansu. Zamani huɗu ne ke zagayawa. Na farko, na gaskiya zalla, shekara 1,728,000. Na biyu 1,296,000, na uku 864,000, na huɗu, wato Kali, wanda muke ciki, na lalacewa, 432,000, kuma a lissafinsu ya fara ne a shekarar 3102 kafin haihuwar Annabi Isa. In ka tara, zagaye ɗaya shekara 4,320,000 ne. Zagaye dubu shi ne yini ɗaya na Brahma, wato shekara biliyan 4.32. Idan dare ya yi masa komai ya narke, ya yi barci na tsawon haka, gari ya waye ya sake halitta. Shekararsa ɗari, fiye da shekara tiriliyan 311 tamu, sannan shi ma ya mutu a sake wani.

Na zabura. “Baba! Biliyan 4.32? Ai abin da nake koya wa yara shekarun ƙasa biliyan 4.54 ne. Saura ƙiris!”

Bai ko ɗago ba. Ya ce kowace shekara sai ɗalibi ya zo masa da wannan murnar, kuma kullum abu ɗaya yake ce masa, ka koma ka saurari pandit. Ai bai ce yinin ya ƙare ba, cewa ya yi muna zamanin Manu na bakwai cikin goma sha huɗu. In ka lissafa abin da ya wuce na yinin, bai cika biliyan biyu ba, wajen 1.97 ne. In kuma da sararin samaniya gaba ɗaya za ka gwada, masana na cewa biliyan 13.8, babu inda ya haɗu da ko ɗaya. Sannan ya tambaye ni, ni malamin labarin ƙasa, daga ina aka samo 4.54 ɗin? Na ce daga duwatsun da suka faɗo daga sama, an auna yawan yuraniyom da ya rikiɗe ya zama dalma, aikin Clair Patterson a 1956. Ya ce to, gobe in wani ya zo da awo mafi kyau za a canza lambar, ba wanda zai yi fushi. Amma 4.32 ba wanda ya auno ta, kuma ba wanda zai canza ta. Abin da yake yaba wa kakanninsa kawai, in ji shi, zuciyarsu ba ta ji tsoron manyan lambobi ba, a lokacin da wasu al'ummu ke ganin duniya ba ta wuce shekara dubu shida ba.

Ɗakin bautar Brahma na can ƙarshen kasuwa, mai jan tsororuwa, da hoton agwagwar ruwa a kan ƙofa. Ni a gindin matakala na tsaya, na riƙe masa jaka da takalmi, bai kuma ce mini don me ba. Da ya fito na tambaye shi abin da ya ɗaure mini kai, ta yaya mai halitta zai zama wuraren bautarsa 'yan ƙalilan ne a duk Indiya, alhali na Shiva da Vishnu ba sa kirguwa? Ya nuna mini wani tsauni mai ɗan gini a ƙololuwa. Ya ce a labarinsu Brahma ya jefo furen bado, inda ya faɗi ruwa ya ɓuɓɓugo, shi ne tafkin nan. Ya shirya babbar hadaya, lokaci na ƙurewa matarsa Savitri ba ta iso ba, sai ya auri wata budurwa, Gayatri, ya zaunar da ita a gurbinta. Uwargida ta iso ta tarar da amarya, ta tsine masa cewa ba za a bauta masa a ko'ina ba sai nan, ta yi yaji ta hau tsaunin can. Na ce, “Baba, wannan kam ko a Kano an san shi.” Ya ce malamansu na da wani bayanin, wai wanda ya gama aikinsa ba a kai masa koke.

A kasuwa muka tsaya gaban mai sayar da hotuna, akwai wani mai siffofi goma da suka ce Vishnu ya sauko a cikinsu: kifi, kunkuru, gadu, rabi mutum rabi zaki, wada, sannan cikakkun mutane. Mai shagon da ya ga baƙo sai ya fara, wai ga ra'ayin Darwin nan, daga ruwa zuwa tudu zuwa ɗan Adam, su sun riga Bature da dubban shekaru. Mastaji ya bar shi ya gama, sannan ya tambaye shi, kifin nan wa ya zo ceta? Ya ce Manu, daga ruwan ɗufana, a cikin jirgi. Ya ce to ashe mutum ya riga kifin zuwa ke nan. Mai shago ya juya ga wani mai ciniki.

A nan ne baki ya ja ni. Ganin yadda yake rusa na mutanensa, sai na ji ƙarfin gwiwar kawo nawa. Na ce mu kam Babbar Fashewar da masana ke cewa ita ce farkon sararin samaniya tana cikin Alƙur'ani, aya ta 30 a Suratul Anbiya ta ce sammai da ƙasa a haɗe suke aka raba su, ta 47 a Zariyat kuma ta yi maganar yalwatawa. Na sha faɗin haka a aji, yara na kabbara.

Ya yi shiru har muka kai bakin tafki. Sannan ya ce ba zai sa baki a littafina ba, amma zai ba ni labarin wani limamin Katolika ɗan Beljiyam, Georges Lemaître. Shi ne a 1927 ya lissafo cewa sararin samaniya na buɗewa, kafin awon Edwin Hubble na 1929. A 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna kimiyya ta gaskata labarin halitta, limamin nan bai ji daɗi ba, ya nemi a daina haɗa su. A lokacin kuwa ba a gama gardama ba. Fred Hoyle, wanda ya raɗa wa abin suna a rediyon BBC a 1949, bai yarda da shi ba, yana ganin sararin samaniya ba shi da farko. Ɗalibinsa Jayant Narlikar, ɗan Indiya, ya bi shi a kan haka. Sai a 1965 da Penzias da Wilson suka ba da rahoton wani ɗan ɗumi da ke zuwa daga kowace kusurwa ta sama, ragowar zafin farko, sannan rinjaye ya koma ɗaya ɓangaren. Ya ce shi kansa zai so a ce sama za ta sake tsukewa a sake sabon yini, don ya dace da abin da aka rene shi a kai, amma awon 1998 ya nuna buɗewar ma ƙara sauri take yi.

“Beta, da Hoyle ne ya ci, me za ka gaya wa yaran?”

Na buɗe baki na rufe. Imanina bai motsa ba, amma na tuna yadda na yi wa mai hotuna dariya ɗazu-ɗazun nan, kunya ta kama ni.

Rana ta faɗi, aka fara kaɗa ƙararrawa ta ko'ina, ana juya fitilu a bakin ruwa. Cikin wannan hayaniyar ya karanta mini waƙar da ya ce ita ya fi so a Rigveda, ta 129 a kashi na goma. Tana cewa a lokacin babu samuwa babu rashi, babu mutuwa babu dawwama, duhu ne lulluɓe da duhu. Ta ƙare da tambaya, wa ya san daga ina halitta ta fito, tunda allolin ma daga baya suka zo? Mai kallo daga ƙololuwar sama shi ya sani, ko kuwa wataƙila shi ma bai sani ba. Na ce masa rabin farko ya ratsa ni, amma wannan wataƙilar ta ƙarshe ba zan iya bin sa cikinta ba, domin mu Wallahu a'alamu muke cewa mu tsaya. Ya ce ya sani. Ya saya mini malpua, wata waina da ake tsomawa a ruwan sukari, ya raka ni tasha, ya ce lallai in sauka Jaipur a hanyar komawa.

Na bi maganarsa. Jantar Mantar fili ne cike da gine-ginen awon taurari da Sarki Jai Singh na biyu ya kammala a 1734. A lokacin kuɗin shiga baƙo rupi 200, ɗan ƙasa 50. Sarkin nan Bahinde ne mai riƙo da addininsa, amma da ya ga lissafin da ya gada ba ya dacewa da abin da ke sama, sai ya nemo jadawalin Ulugh Beg na Samarkand, ya aika har Fotugal a kawo masa na Turawa, ya zauna yana aunawa da kansa. Babban agogon ranar tsayinsa mita 27. Na sa ido a kan farin dutsen da aka yi wa tsage-tsage, na ga inuwa na tafiya da idona, kamar tururuwa. Na duba agogona na ga sun saɓa da kusan minti arba'in, har na fara cewa na kama su. Sai mai gadi ya nuna mini wani ɗan allo da ake rubuta gyaran kowace rana, domin inuwa lokacin Jaipur take bayarwa, agogon hannu kuma na ƙasa baki ɗaya. Na tara, ya fito daidai.

Na iso Delhi bayan isha'i, na tarar da Yaya a barandar asibiti yana takawa da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, ɗan Katsina na biye da shi. Ya tambaye ni ko na kai gaisuwa, na ce na kai. Ya ce me na riƙo masa? Na laluba aljihu, sai ga takardar ƙosan nan duk maiƙo, lambobin Mastaji sun fara narkewa. Ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, “Wannan kuma bashin wa ka ciyo?”